Hatimin Notari: Abin Da Yake Shaidawa, Da Abin Da Ba Ruwansa

A ce ɗalibi ya gama karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ya sami gurbi a wata jami'a ta Masar ko Indiya, aka rubuto masa cewa ya aiko da kofen takardunsa ɗauke da hatimin notari. Ko kuwa a ce wani mutumin Gwaram da ke zaune a Makka yana so ƙanensa ya sayar masa da gonarsa. Dukansu biyu za su ji ana ambaton wannan ma'aikaci, amma mutane kaɗan ne a ƙasar Kudu za su iya cewa ga aikinsa, ga kuma iyakarsa. Rashin sanin nan ya sha jawo wa mutane asarar kuɗin mota zuwa Dutse ko Kano, wani lokaci ma har da asarar gona.

Wane ne notari?

Notari lauya ne wanda Babban Jojin Nijeriya ya naɗa, bayan an gamsu da halinsa da daɗewarsa a kan aiki. Sai ya yi rantsuwa, an shigar da sunansa cikin rajistar da ke hannun Babban Magatakardan Kotun Ƙoli a Abuja, sa'an nan ya fara aiki. Watau kowane notari da aka naɗa lauya ne, amma ba kowane lauya ne notari ba. Tun 1936 ake da dokar da ta tsara wannan aiki, aka yi ta amfani da ita har zuwa 2023, sa'ad da aka kafa sabuwa a madadinta.

Ma'anar aikin ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Notari shi ma shaida ne, sai dai hukuma ce ta tsayar da shi, don haka kotu da banki da ofishin jakadanci suke karɓar hatiminsa ko da ba su taɓa ganin mai takardar ba.

Cikin ayyukansa akwai rantsar da mutum, da shaida sa hannu a kan yarjejeniya ko takardar wakilci, da tabbatar da cewa kofe ya yi daidai da takardar asali da aka nuna masa, da rubuta shaida idan an ƙi biyan takardar kuɗi ta fatauci. Dokar Shaida ta 2011 ta ce idan an sa hannu a takardar wakilci a gaban notari, ya kuma tabbatar da ita, kotu za ta ɗauka hakan aka yi, sai fa in wani ya kawo hujjar da ta rushe wannan. To, ka ji inda nauyin hatimin yake.

Ka'idodin da ke kansa

Ta farko ita ce gani ya kori ji. Wajibi ne mai sa hannu ya bayyana gaban notari, ya nuna katin shaida ko fasfo, notari ya gamsu cewa shi ne, yana cikin hankalinsa, kuma ba tilasta shi aka yi ba. Ba a aika yaro da takardar da aka riga aka sa wa hannu a ce a buga mata hatimi. Dokar 2023 ta yarda a yi wannan ganawa ta na'ura mai ɗaukar hoto da murya, in notarin ya yi rajista don irin wannan aiki. Wannan sauƙi ne ga wanda ke Basirka ko Sara, ko wanda ke ƙetare, amma sharaɗin ganin mutum da tantance shi yana nan daram.

Ta biyu, notari ba ya aiki a kan al'amarin da yake da rabo a ciki. Haka nan kotu ba ta karɓar takardar rantsuwar da mutum ya yi a gaban lauyansa na kansa.

Ta uku ta shafi mafi yawan dattawanmu na karkara. Idan mai rantsuwa bai iya karatun boko ba, ko makaho ne, dole a karanta masa takardar, a fassara masa da harshen da yake ji, a kuma rubuta a jikinta cewa an yi haka ya fahimta, kafin ya dangwala yatsa. Duk ɗan boko da ya raka mahaifinsa ko gwaggonsa ya kamata ya tsaya a kan wannan.

Ta huɗu, in notari ya ga alamar zamba yana da ikon ƙin aikin. Wanda ya shaida ƙarya da gangan kuwa ana iya dakatar da shi, ko a soke sunansa daga rajista, ban da hukuncin laifi. Wanda ya sassaƙa hatimi ya mai da kansa notari alhali ba a naɗa shi ba, shi ma ya taka doka.

Inda mutane ke ruɗewa

A nan ne ya kamata mai karatu ya nutsu. Hatimin notari a kan yarjejeniyar ciniki yana shaida cewa wane ya zo rana kaza, ya sa hannu da yardarsa. Bai shaida cewa gonar tasa ce ba, ko cewa sauran magada sun yarda, ko cewa bai riga ya sayar wa wani ba. Binciken wannan yana wuyan mai saye: ya tambayi mai unguwa da dagaci da maƙwabtan iyaka, in gado ne ya nemi takardar rabon gado ta kotun shari'a. Bugu da ƙari, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar'anta amincewar Gwamna kafin a sauya mai filin da ke da takardar mallaka ta jiha, ko amincewar ƙaramar hukuma a filin da ke hannun mutum bisa al'ada. Jan hatimi, kome kyansa, ba ya maye gurbin wannan.

Fataken da ke zuwa Maraɗi kada su kwatanta da abin da suka gani can. A Nijar tsarin Faransa ake bi, inda notari shi ke rubuta takardar cinikin gida da kansa, ya ajiye asalinta a ofishinsa. Namu ya bi tsarin Ingila, aikinsa ya fi karkata ga shaida.

Sa'an nan ba kowace takarda ke bukatar notari ba. Ma'aikacin da ke son takardar rantsuwa ta shekarun haihuwa, ko ta gyaran suna, ko ta ɓatan takarda, kwamishinan rantsuwa da ke rajistar kotu ya ishe shi, kuɗinsa kuma ya fi sauƙi. Notari ya fi zama dole idan takarda za ta ƙetare iyaka. Ko a nan ma sau da yawa hatiminsa matakin farko ne: takardun makaranta kan bi ta Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, da Ma'aikatar Harkokin Waje, kafin ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya sa nasa tambarin.

Saboda haka ɗalibinmu na Birnin Kudu, kafin ya shiga mota, ya fara tambayar jami'ar irin shaidar da take so. Ya tafi da takardun asali da katin shaidarsa, ya duba cewa sunan notarin na jikin hatimi, ya karɓi rasit. Mutumin Gwaram da ke Makka shi ma ya sa a bayyana cikin takardar wakilcin wace gona ce, ina iyakarta, da abin da ya ba ƙanen nasa iko ya yi, don kada zumunci ya ƙare a gaban alƙali. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kiyashe mu da shaidar zur.