Zanen Bekta a Manhajojin Hoto Mai Motsi: Turke da Linzami

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda kwamfuta take riƙe da siffa irin ta bekta, da kuma dalilin da ya sa masu shirya katun suka dogara da ita. Hanyoyi biyu ne kwamfuta take adana hoto. Ta farko ita ce ta rarraba shi zuwa ƙananan ɗigogi, kowane da launinsa, kamar yadda hoton kyamara yake. Irin wannan idan aka faɗaɗa shi sai ya dushe. Ta biyu ita ce bekta, inda ba a adana kome sai wuraren da layi ya tashi, da inda ya sauka, da yadda ya karkata a tsakani.

Alal misali, manomi a ƙasar Tofa, inda gonaki suke manne da juna, ba ya lissafa kowane taku na ƙasa in zai kwatanta gonarsa. Cewa zai yi daga kuka zuwa ɗorawa, daga ɗorawa a bi gamba zuwa bakin burtali. Kusurwoyi huɗu ko biyar sun ishe shi. To, haka bekta take. A nan za mu kira kowace kusurwa turke, layin da ya kewaye siffa iyaka, launin da aka zuba a ciki kuwa ciko. Da yake lissafi ne aka adana, siffar da aka zana don allon wayar hannu za ta cika bangon ɗaki ba tare da ta dushe ba.

Wahalar tana ga layi mai lanƙwasa. Paul de Casteljau na kamfanin motoci na Citroën a Faransa ya warware ta a 1959, amma kamfanin ya ɓoye aikin. Pierre Bézier na Renault shi ya fito da nasa fili a shekarun 1960, saboda haka sunansa ya bi lanƙwasar. Kowane gutsure yana da turke biyu, kuma daga kowane turke akwai wani ɗan sanda da ake ja, wanda muka ga ya dace a kira linzami, domin shi ne yake juya layi kamar yadda ake juya doki. Layin yakan tashi ta fuskar da linzami ya nufa, tsawon linzamin kuma shi ne ƙarfin jan. Da'ira cikakkiya turke huɗu kawai take bukata, tsawon kowane linzami kuwa kimanin 0.55 na nisan tsakiya zuwa baki. Wannan dabara ta shiga Adobe Illustrator a 1987, sa'an nan Flash ta kai ta ga masu katun daga 1996, har zuwa ƙarshen 2020 da aka daina tallafa wa Flash Player. Inkscape da Synfig, waɗanda kyauta ake samunsu, da ita suke aiki.

Babban kuskuren ɗalibi shi ne yawan kafa turaku, yana zaton ƙarin turke ƙarin kyau ne. A ganinmu akasin haka ne. Katun yakan tafi da hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya, mai zane kuwa na farko da na ƙarshe yake zanawa, manhaja ta cike tsakani ta hanyar matsar da kowane turke zuwa takwaransa. In siffar farko tana da turke 8, ta ƙarshe tana da 30, ko kuwa jerinsu ya saɓa, sai a ga kan ɗan tsana ya murɗe a tsakiyar motsi.

Dagin Arewa, wanda ake gani a bangon gidajen Kano da Zariya da kuma aikin riguna, gwaji ne mai kyau ga ɗalibi, domin zarensa yakan hau bisa ɗan'uwansa a wata mahaɗa, ya shige ƙarƙashinsa a ta gaba. Siffa ɗaya ba ta iya zama sama da ƙasa a lokaci guda, watau dole a yanka layin a mahaɗar, a jera gutsattsarin hawa-hawa, a kuma daidaita linzaman kowane yanki su miƙe a kan layi ɗaya don kada wurin yankan ya fito.