Tattaki a dokar daji: Abin da ake dubawa kafin sayen na'urar GPS ta hannu

A watan Yulin 2013, wata mata mai shekara 66 da ke tattaki a hanyar Appalachian Trail ta Amurka ta ratse cikin daji a jihar Maine domin ta zagaya. Da ta gama sai hanyar komawa ta ɓace mata.

Ta rubuta wa mijinta saƙon tes, amma babu sabis a wurin, saƙon bai tafi ba. Sai a Oktoban 2015 aka gano gawarta a inda ta kafa tanti, kimanin kilomita 3 daga hanyar. Littafin da take rubutu a ciki ya nuna ta shafe kusan mako huɗu a raye.

Tsawon wannan hanya ya kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14. Masu bin irinta kan shafe kwanaki babu wuta babu sabis, shi ya sa da yawansu ba sa dogara ga wayar salula kaɗai.

Sanin wuri daban, neman ceto daban

Na'urar GPS karɓar saƙo kawai take yi daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Da zarar ta kama aƙalla huɗu daga cikinsu, za ta nuna wa mai ita inda yake tsaye, ba tare da data ko kuɗin wata ba.

Sai dai ba ta aika komai. Mutumin da ya karye a ƙafa zai ga inda yake a taswira, amma na gida ba za su sani ba. A nan ne masu saye da dama ke yin kuskure.

Domin aika saƙo ana buƙatar na'ura irin inReach ta kamfanin Garmin, wadda ke aiki da taurarin Iridium 66, tana kuma da maɓallin SOS. Ita sai an biya kuɗin wata. Samfurin GPSMAP 67i ya haɗa ayyukan biyu.

Akwai kuma PLB, wadda ba a biyan mata kuɗin wata, amma kiran ceto kaɗai take yi. Wasu ƙasashe, kamar Indiya, sun haramta shiga da na'urar sadarwa ta tauraron ɗan'adam ba tare da izini ba.

Batir

Na'urar da batirinta ya mutu ta zama kaya kawai. Yawancin samfuran eTrex na amfani da batir biyu ƙirar AA, waɗanda ake cirewa a sa sababbi nan take. Masu batirin ciki kuwa sai an riƙe musu fawa-banki.

Sanyi na saurin cinye batir, don haka masu hawa tsaunuka suka fi son na lithium. Kuma awannin da kamfani ya rubuta a kwali sukan ragu idan ana yawan kunna fuskar na'urar.

Ruwa, maɓalli da taswira

Alamar IPX7 na nufin na'ura za ta jure minti 30 a cikin ruwa mai zurfin mita 1. Mai maɓalli ta fi mai shafawa sauƙin sarrafawa a cikin ruwan sama ko da safar hannu.

Na'urar da ke kama Galileo na Tarayyar Turai ko GLONASS na Rasha, ban da GPS na Amurka, ta fi saurin gano wuri a cikin kwazazzabai da duhuwar itatuwa. Taswirar yankin kuma tun daga gida ake sauke ta.

Duk da haka, ƙwararrun masu tattaki ba sa barin taswirar takarda da kamfas, kuma sukan faɗa wa wani a gida hanyar da za su bi da ranar dawowarsu. Idan ranar ta wuce shiru, masu ceto sun san inda za su fara nema.