John Hunwick: masanin da ya tono labarin Sheikh Magili da Yahudawan Tuwat

Duk motar da ta ratsa Badagishiri ta nufi Tawa, Agadas da Arlit, a ƙarshe iyakar Aljeriya take kallo. Ƴan ci-rani na Ƙonni, Malbaza da Illela sun san sunayen Tamanraset da In Salah kamar sunayen unguwanninsu. Gaba da In Salah, kusa da birnin Adrar na Aljeriya, wanda bai da haɗi da Adar ɗinmu, akwai wani tsohon gari mai dabino da ake kira Tamantit, a yankin Tuwat. Abin da ya faru a garin nan fiye da shekara 500 da suka wuce ya taɓa tarihin ƙasar Hausa, kuma wani Bature ɗan Ingila, John Hunwick, ya shafe shekaru yana bin diddiginsa cikin littattafan malaman Musulunci.

Daga Ingila zuwa Ibadan

An haifi Hunwick a 1936 a garin Chard na Ingila. Aikin soja ne ya kai shi ƙasar Somaliya, kuma a can sha'awar Larabci ta kama shi. Ya kammala digirin Larabci a jami'ar Landan a 1959, ya koyar a Omdurman ta Sudan, sannan a 1960 ya koma jami'ar Ibadan a Najeriya. A wancan zamani Turawa da dama na ganin Afirka ba ta da rubutaccen tarihi. Shi kuwa sai ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Ibadan, inda ake aro littattafan hannu daga gidajen malamai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su.

Daga baya ya koyar a jami'ar Gana da ke Legon, da jami'ar Amurka ta Alƙahira, kafin ya zauna a jami'ar Northwestern ta Amurka daga 1981 har ya yi ritaya a 2004. Ya rasu ranar 1 ga Afrilu 2015. Cikin manyan ayyukansa akwai kundin da aka buga a Leiden a 1995, wanda ya jera marubutan Larabci na Najeriya, Nijar, Cadi da Kamaru tare da littattafansu da wuraren da ake samun su. A 1999 kuma ya fitar da fassarar Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, tarihin Tambutu da daular Songai.

Rigimar Tamantit

Malamin da ya fi ɗaukar hankalin Hunwick shi ne Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, wanda Hausawa ke kira Sheikh Magili, haifaffen Tilimsan a Aljeriya. A kansa ya rubuta littafi a 1985, ya kuma rubuta wani a 2006 mai suna Jews of a Saharan Oasis, wato Yahudawan wani dausayin Sahara.

A ƙarni na 15 Tuwat zango ne na ayarin raƙuma masu ɗauke da zinariya, tagulla, gishiri da tufafi tsakanin arewacin Afirka da ƙasashen baƙar fata. Yahudawa sun daɗe a can suna fatauci da ƙira. Wani ɗan kasuwa na Jenowa ta Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga Tuwat a 1447 yana bayyana cewa Yahudawan wurin na zaune lafiya ƙarƙashin kariyar shugabannin garuruwa.

Da Magili ya sauka Tamantit, sai ya ce wannan zama ya saɓa wa sharuɗɗan ƴan amana. A ganinsa Yahudawan sun kusanci masu mulki fiye da kima, ba sa biyan jiziya yadda ya fahimci shari'a ta tanada, don haka amanarsu ta warware, kuma wajibi ne a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi amincewa. Ya tsaya a kan cewa mutanen suna cikin amana kuma babu hujjar taɓa ginin.

Ɓangarorin biyu suka aika tambaya ga malaman Tilimsan, Fas da Tunis. Amsoshi suka zo a rabe. Ibn Zakri, muftin Tilimsan, ya hana rushewa. Al-Tanasi ya goyi bayan Magili, al-Sanusi kuma ya ƙarfafa shi. Da wannan amsa ta iso, a farkon shekarun 1490, Magili da mabiyansa suka rushe wurin ibadar, ya kuma sa ladan miskali 7 na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude. Aka kashe wasu, saura suka watse. Al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru a Tamantit ta ƙare ke nan.

Hunwick bai tsaya ga zancen fiƙihu kaɗai ba. Ya duba gasar kasuwanci a kan hanyoyin Sahara, da halin da Musulmin Magrib ke ciki a lokacin da Kiristocin Fotugal da Spain ke matsa musu lamba. A 1492 ne Granada, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi, kuma a shekarar aka kori Yahudawa daga Spain.

Yadda labarin ya shigo ƙasar Hausa

Bayan rikicin Magili ya yo kudu. Ya biyo ta Abzin da Takedda, a jahar Agadas ta yau, ya karantar a can, sannan ya isa Kano da Katsina. Ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, littafi kan abin da ya wajaba ga sarakuna, kuma har yau Sharifan Kano na danganta kansu da shi. Daga nan ya wuce Gao, inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammad kan mulki, jihadi da malaman banza.

Yana Gao labari ya zo masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke garin, amma alƙali Mahmud bin Umar na Tambutu ya sa baki aka sake su, domin ba su da hannu a kisan. Magili ya koma Tuwat, ya rasu a can a farkon shekarun 1500.

Amsoshin da ya bai wa Askiya ba su mutu tare da shi ba. Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, ya kafa hujja da su a littafinsa Siraj al-Ikhwan. Ke nan wanda ke son fahimtar jihadin 1804 sai ya bi ta kan Magili, kuma wanda ya bi ta kan Magili sai ya iske Tamantit a gabansa.

Abin da aikin ya bari

Hunwick bai ɓoye ilimin Magili ba, bai kuma ɓoye jinin da aka zubar ba. Ya nuna cewa malaman Malikiyya na zamanin sun yi saɓani, kuma akwai waɗanda suka tsaya wa marasa rinjaye da hujja daga cikin shari'ar kanta. Fatawoyin ɓangarorin biyu sun iso gare mu ne saboda wani malami Musulmi, Ahmad al-Wansharisi, ya tattara su a kundinsa al-Mi'yar, bai jefar da na waɗanda ya saɓa musu ba.

Irin waɗannan takardu na nan a Nijar. Cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai na adana dubban littattafan hannu na Larabci da ajami, aikin da Bubu Hama ya sa wa harsashi. Wasu kuwa suna cikin gafaka da akwatuna a gidajen malaman Adar da Ƙonni, inda gara da yoyon damina ke cin su, magada kuma na raba su ganye-ganye kamar sauran kayan gado. Magidancin da ya gaji irin wannan gafaka zai iya somawa da abu uku: ya ɗaga ta daga ƙasa, ya hana a raba littafi guda, ya kuma nemi malamin da zai karanta masa abin da ke ciki.