Ɓurɓushin Roba: Abin da Masana Suka Gano, da Inda Zai Taɓa 'Yan Kasuwa

A ranar 1 ga watan Yuli na shekarar 2025 ne Gwamnatin Jihar Legas ta fara aiwatar da dokar hana amfani da wasu kayayyakin roba waɗanda ake jefarwa bayan an yi aiki da su sau ɗaya, kamar mazubin abinci na soso, da cokula da kofunan roba, da kuma leda marar kauri. 'Yan kasuwa da dama a Mile 12 da Agege sun ɗauki matakin a matsayin batun tsabtar gari da yashe magudanun ruwa, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai akwai wani dalili mai zurfi da ya sa gwamnatocin duniya suka juya wa roba baya, wato sakamakon binciken da masana kimiyyar muhalli suka shafe shekara 20 suna yi a kan abin da ake kira ɓurɓushin roba.

Ma'anar ɓurɓushin roba ita ce duk wani guntun roba wanda girmansa bai kai milimita 5 ba, wato daga kamar ƙwayar dawa zuwa abin da ido ba ya iya gani sai da na'ura. Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth da ke Ingila shi ne ya fito da wannan suna fili a shekarar 2004, bayan da shi da abokan aikinsa suka tace yashin bakin teku suka tarar da tarin zarurruka da gutsattsarin roba a cikinsa. Abin da ya sa batun ya dami masana shi ne roba ba ta ruɓewa kamar yadda ganye ko takarda ke ruɓewa. Zafin rana da iska da gogayya da yashi su kan sa ta bushe ta riƙa farfashewa, kowane guntu yana rabuwa zuwa ƙananan guntaye, amma sinadarin yana nan. Ledar da aka jefar a juji har ta ɓace wa ido ba ta tafi ko'ina ba, ta dai shiga ƙasa, ko ruwa, ko iska.

Kafin a fahimci girman matsalar sai an dubi yawan robar da aka sarrafa. A shekarar 1950 duniya gaba ɗaya ta sarrafa kimanin tan miliyan 2 ne kacal. A shekarar 2019, bisa ƙididdigar ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arzikin masana'antu, adadin ya kai tan miliyan 460. Wani bincike da Roland Geyer da Jenna Jambeck da Kara Law suka fitar a Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 an sarrafa roba tan biliyan 8.3, kuma tan biliyan 6.3 daga ciki sun riga sun zama shara. Daga wannan sharar, kashi 9 cikin ɗari ne kawai aka sake sarrafawa, an ƙona kashi 12, sauran kashi 79 kuwa suna jibge a juji ko warwatse a bayan ƙasa da cikin ruwa.

Ba daga leda da gorar ruwa kaɗai ɓurɓushin yake fitowa ba, kuma wannan shi ne abin da ya kan ba mutane mamaki. Wani rahoto na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, a 2017 ya nuna cewa a cikin robar da ke isa teku tun tana ƙanana, kimanin kashi 35 cikin ɗari daga wankin tufafi take, kashi 28 kuma daga tayoyin mota da ke cinyewa a kan kwalta. Yadin foliyesta da nailan roba ne da aka mayar zare. Masana a Plymouth sun auna a 2016 suka ga cewa wanki ɗaya na kilo 6 a injin wanki yana iya sakin zarurruka fiye da 700,000 a cikin ruwan ɗauraya. Saboda haka dilan yadi da mai shigo da gwanjo da mai sayar da taya suna cikin wannan magana kamar yadda mai kamfanin ruwan leda yake ciki.

Sunan Nijeriya ya fito a cikin binciken tun da wuri. A 2015 Jenna Jambeck da abokan aikinta sun yi lissafin sharar robar da ƙasashe 192 masu bakin teku suke zubarwa ba bisa ƙa'ida ba, suka ƙiyasta cewa tsakanin tan miliyan 4.8 da miliyan 12.7 suka shiga teku a shekarar 2010 kaɗai, suka kuma sa Nijeriya a matsayi na tara. Bayan shekara biyu wasu masana a Jamus suka lissafa manyan koguna goma da suka ce su ne suka fi kwasar roba zuwa teku, takwas a nahiyar Asiya, biyu a Afirka, wato Nilu da Kwara. Wani bincike na 2021 ya gyara wannan lissafi, ya nuna cewa laifin ya rarrabu a kan koguna fiye da 1,000, yawancinsu ƙanana masu ratsa manyan birane. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin wata babbar kwata a Legas ko Anaca bayan an ɗauke ruwan sama ba zai yi musun wannan gyara ba.

Inda hankalin jama'a ya fi tashi shi ne lokacin da aka fara samun ɓurɓushin a cikin abin sha da jikin ɗan Adam. A 2018 Sherri Mason ta Jami'ar Jihar New York ta gwada goran ruwa 259 na kamfanoni 11 da aka sayo daga ƙasashe tara, ta sami ɓurɓushin roba a kashi 93 cikin ɗari. A 2022 masana a birnin Amsterdam na ƙasar Holan suka gwada jinin mutum 22, suka sami roba a jinin 17. A watan Janairu na 2024 kuma masana a Jami'ar Columbia, da wata sabuwar na'ura mai iya ganin abin da na'urorin da ba sa gani, suka ƙirga kimanin ƙwaya 240,000 a kowace lita ta ruwan gora, kashi 90 cikin ɗari nau'in da ya fi ƙura ƙanƙanta.

Binciken da ya fi nauyi a fannin lafiya shi ne wanda likitoci a Italiya suka fitar a watan Maris na 2024. Sun bi marasa lafiya 257 waɗanda aka yi wa tiyata don cire kitsen da ya toshe jijiyar wuya. An sami roba a cikin kitsen 150 daga cikinsu, kuma a cikin kusan shekara uku da aka yi ana bibiyarsu, waɗannan sun fi sauran fuskantar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa da ninki huɗu da rabi. A nan ya kamata a yi hattara. Su kansu likitocin sun bayyana cewa abin da suka gano dangantaka ce tsakanin abubuwa biyu, bai kai hujjar cewa robar ce ta jawo ciwon ba. Haka kuma wasu masana sun soki wasu gwaje-gwajen da cewa robar da ke yawo a iskar ɗakin gwaji da kayan aikinsa tana iya shiga cikin samfurin ta ɓata lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2019 ta ce bisa hujjojin da ake da su a lokacin haɗarin da ke cikin ruwan sha bai yi yawa ba, ta kuma nemi a ƙara bincike. A ƙasa irin tamu, inda kwalara da taifot suke kashe mutane kowace damina, ganganci ne a tsorata jama'a su bar ruwan leda mai rajista su koma ruwan rafi. Amma ɗan kasuwa ya san cewa kasuwa ba ta jiran masana su gama muhawara, masu saye da masu yin doka su kan riga su yanke hukunci.

Dangantakar roba da ɗumamar yanayi kuwa ta fi ta lafiya tabbata. Kusan dukkan robar duniya daga man fetur da iskar gas da kwal ake yinta, kuma narkawa da tacewar suna cin makamashi mai yawa. OECD ta ƙiyasta cewa a 2019 harkar roba ta fitar da tan biliyan 1.8 na iskar da ke ɗumama duniya, wato kashi 3.4 cikin ɗari na abin da duniya ta fitar, kuma kashi 90 na wannan a wajen sarrafawa aka fitar da shi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashe a 2018 cewa masana'antun sinadarai na man fetur, waɗanda roba ce babbar hajarsu, za su ɗauki fiye da kashi ɗaya bisa uku na ƙarin buƙatar mai zuwa 2030. Wannan ne ya sa kamfanonin mai suke zuba jari a fannin, ganin cewa motoci masu aiki da lantarki sun fara rage cinikin fetur a wasu ƙasashe. Har ila yau masana a Jami'ar Hawaii sun gano a 2018 cewa robar da ke kwance a rana tana fitar da iskar mitan kaɗan-kaɗan, kuma nau'in da ake yin leda da shi ne ya fi fitarwa. Ƙona juji, wanda shi ne maganin shara a yawancin unguwanninmu, yana ƙara hayaƙi mai guba a kan wannan duka.

Akwai kuma wata asara da ba ta buƙatar na'ura kafin a gan ta. Ruwan sama mai ƙarfi idan ya tarar da kwata cike da leda, shaguna da rumbunan kaya yake shiga. Bangladash ta hana leda a 2002 ne bayan da aka ga yadda ta toshe magudanai a lokacin ambaliya. Mahauta a kwatar yanka kuwa sun daɗe suna ciro dunƙulen leda daga tumbin shanu da tumaki, kuma dabbar da ta cika ciki da leda ba ta ƙiba ko da an ba ta dusa, asarar kuwa a kan makiyayi da dillali take.

Dokoki sun biyo bayan binciken. Ruwanda ta hana leda a 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi doka a 2014, Kenya a 2017. Amurka ta hana ƙananan ƙwayoyin roba a sabulun wanke fuska da man goge baki a 2015. Ƙasar Sin, wadda ta daɗe tana sayen sharar robar duniya, ta rufe ƙofa daga farkon 2018, abin da ya girgiza cinikin tsohuwar roba a ko'ina. Birtaniya ta ɗora haraji daga watan Afrilu na 2022, inda ta fara da fam 200 a kan kowane tan na mazubin roba wanda bai ƙunshi aƙalla kashi 30 cikin ɗari na robar da aka sake sarrafawa ba. Tarayyar Turai ta wajabta kashi 25 cikin ɗari na irin wannan roba a goran PET daga 2025, ta kuma fara hana ɓurɓushin da ake zubawa da gangan cikin kayayyaki daga watan Oktoba na 2023. Akwai wani abu guda da ya kamata masu shigo da leda su sani. Tarayyar ta hana irin ledar nan da ake zuba wa sinadari don ta yi saurin farfashewa a rana, wadda ake tallata da cewa tana narkewa, domin an gano cewa ɓurɓushi kawai take komawa da wuri. Kayan da aka kora daga wata kasuwa kuwa su kan nemi wata.

A gida, Gwamnatin Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa kan Sarrafa Sharar Roba a 2020, a watan Yuni na 2024 kuma Majalisar Zartarwa ta hana amfani da robar jefarwa a ma'aikatu da hukumomin gwamnati. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke kula da tsarin da ke ɗora wa mai sarrafa kaya alhakin kwashe mazubinsa bayan an yi amfani da shi. Dokar Legas ba ta hana ruwan leda da goran PET ba, ta dai sa su ƙarƙashin wannan tsari, wanda a aikace yana nufin ƙarin kuɗi a kan kowane kamfani. A lokaci guda kuma ƙasar tana ƙara ƙarfin yin sabuwar roba. Kamfanin Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas ya daɗe yana samar da ƙwayar roba ga masana'antun Legas da Aba da na Sharaɗa da Bompai a Kano, matatar Dangote da ke Lekki kuma ta fara samar da nata nau'in, wanda ake yin buhu da bokiti da kujera da shi, a 2025. Ta fuskar kuɗin musaya wannan ci gaba ne, domin yana rage shigo da kaya da dala. Ta fuskar shara kuwa, idan sabuwar ƙwaya ta yi araha, masu niƙa tsohuwar roba su kan rasa ciniki, tunda farashin sabuwa yana bin farashin mai ne, kuɗin tsintowa da wankewa da rarrabewa kuwa ba ya sauka.

Duk da haka akwai riba a wannan fanni ga mai lura. Dokokin Turai sun haifar da buƙatar niƙaƙƙen PET mai tsabta, kuma a Nijeriya 'yan jari-bola ne suke yin mafi yawan aikin tsintowa, galibinsu samari ne daga Arewa, ba tare da safar hannu ko tsayayyen farashi ba. Gora fara ta fi mai launi daraja, wadda aka raba da murfi da takarda ta fi wadda aka cakuɗa, kuma mai injin matsewa da niƙawa shi ke kwashe ribar da ke tsakanin juji da tashar jirgin ruwa. Mai neman inda zai sa jari ya dubi wannan tsakani.

A matakin duniya maganar ba ta ƙare ba. A watan Maris na 2022 taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi ya amince a tsara yarjejeniya mai ƙarfin doka kan gurɓatar roba kafin ƙarshen 2024. An zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi ba a daidaita ba, aka sake zama a Janeba a watan Agusta na 2025, nan ma aka watse hannu rabbana. Babban saɓanin a kan magana ɗaya ne. Ƙasashe da yawa, ciki har da na Tarayyar Turai da wasu na Afirka, suna son a sa iyaka ga yawan sabuwar robar da za a riƙa sarrafawa, manyan ƙasashe masu arzikin mai irin su Saudiyya da Rasha da Iran kuwa suna cewa a tsaya kan gyaran shara kawai. Nijeriya tana da ƙafa a ɓangarorin biyu, domin tana sayar da mai tana kuma gina masana'antar roba, ga kuma juji da kwatocinta cike da leda.