Facin Kwamfuta: Yadda Ake Zaɓen Manhajar da ke Toshe Ɓaraka a Wurin Aiki

Duk manhajar da ke cikin kwamfuta mutane ne suka rubuta ta layi bayan layi, kuma babbar manhaja irin Windows tana ɗauke da layuka miliyoyi. A rubutu mai yawa haka ba a rasa kuskure. Wani kuskuren iyakarsa ya sa firinta ta ƙi aiki, wani kuwa ƙofa ce a buɗe da ɓarawo zai bi ta intanet ya shigo. Idan kamfanin da ya yi manhajar ya gano ɓarakar, sai ya fitar da ɗan gyara da za a liƙa a wurin, wanda ake kira faci, kamar dai wanda mai faci ke liƙa wa tayar babur. Manhajar kula da faci ita ce wadda ke bin dukkan kwamfutocin ma'aikata daga wuri guda, ta gano wadda ke da ɓaraka, ta kai mata gyara, sannan ta kawo rahoton abin da ya faru.

Lokaci shi ne ginshiƙin wannan aiki. Tun shekarar 2003 kamfanin Microsoft ke fitar da tarin gyare-gyarensa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, abin da ke isowa Najeriya da Nijar wajen magariba. Da zarar faci ya fito, masu kutse ma sun samu labari, domin suna iya kwatanta tsohon rubutu da sabo su gane inda ramin yake. Daga nan tsere ne tsakanin mai gida da ɓarawo. A ranar 14 ga Maris, 2017, Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayil. Bayan wata biyu, ranar 12 ga Mayu, mugunyar manhajar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle bayanai a kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa dala 300 a kan kowace. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Maganin yana nan kyauta tun watanni biyu kafin cutar, ba a sha ba ne kawai. A shekarar dai, kamfanin Equifax na Amurka ya bar wata ɓaraka a manhajar Apache Struts ba gyara, alhali facinta ya fito tun Maris, aka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 147.

Mai kwamfuta ɗaya a gida zai iya dogara da sabuntawar da Windows ke yi da kanta. A wurin aiki lamarin ya sha bamban. A ɗauki babban kantin magani mai kwamfutoci ashirin. Da hantsi, layi ya kai bakin ƙofa, sai saƙo ya faɗo a allon mai karɓar kuɗi cewa a kashe kwamfuta a sake kunnawa don gyara ya kammala. Ba shi da zaɓi illa ya danna a jinkirta, gobe ma haka, jibi ma haka. Ta akanta tana kulle a ofis ya tafi hutu. Ta manaja kuma laftof ce da ke yawo tsakanin Kano da Abuja. Mai kantin yana ganin komai na tafiya daidai, domin kwamfutar da ba a yi wa faci ba ba ta tari, ba ta zazzaɓi, aikinta take yi har ranar da za a shigo ta cikinta. Kuma ɗaya tak ta isa, tunda duk a kan waya ɗaya suke.

Don haka zaɓen manhaja yana farawa ne da ƙirga abin da ake da shi: kwamfutoci nawa, wace ke kan Windows, wace ke kan macOS ko Linux, akwai saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, ko babu, nawa ke kwana a ofis, nawa ke fita. Wannan ƙidaya ita ke rage jerin manhajojin da za a duba, domin wasu Windows kaɗai suka sani. Manhaja mai kyau ma takan taimaka a nan, ta leƙa ko'ina a kan hanyar sadarwar ofis ta tono kwamfutocin da aka manta da su, irin tsohuwar da ke ƙarƙashin tebur tana haɗe da kyamarorin tsaro.

Abu na gaba shi ne faɗin abin da take gyarawa. Windows kashi ɗaya ne kawai na abin da ke cikin kwamfuta. Akwai Chrome da Firefox, akwai Adobe Reader da Zoom da Java, kowanne da ranar fitar da nasa gyaran, kuma masu kutse suna son su ƙwarai saboda an fi mantawa da su. Kowane kamfani mai sayar da manhajar faci yana da jerin manhajojin da yake kula da su. Yawan jerin bai kai muhimmancin ko yana ɗauke da waɗanda ake amfani da su a wannan ofis ba, da kuma kwana nawa yake ɗauka tsakanin fitowar gyara da shigarsa jerin.

Inda aka fi bambanta tsaba da tsakuwa shi ne rahoto. Aika gyara abu ne mai sauƙi, tabbatar da cewa ya zauna shi ne aikin. Faci kan sauka ya ƙi shiga saboda wurin ajiya ya cika, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko ya shiga amma yana jiran a sake kunna kwamfutar, kuma kafin a yi haka ɓarakar tana nan a buɗe. Manhajar da za ta nuna kore alhali an aika ne kawai ta fi rashinta haɗari, domin ta sa mai gida ya yi barci da ƙofa a buɗe. Wadda ta cancanta za ta faɗi sunan kwamfutar da ta gaza, da dalilin gazawar, da ranar ƙarshe da aka ji ɗuriyarta. Laftof ɗin da ta yi wata guda ba ta leƙo ba bai kamata a lissafa ta cikin masu lafiya ba. Wannan rahoto yana da wani amfanin: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su, kuma idan tsautsayi ya faru, rahoton faci na daga cikin abin da zai nuna an yi ƙoƙari ko an yi sakaci.

Gyara ma yakan zo da nasa ciwon. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wata sabuntawa mai kuskure ga abokan cinikinsa kusan a lokaci guda, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cak, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka koma takarda da biro, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Darasin da masu sana'ar suka daɗe da sani shi ne a ɗanɗana miya kafin a zuba wa baƙi. Manhajar faci ta gari tana ba da damar kasa kwamfutoci rukuni-rukuni: a fara da biyu ko uku na gwaji, a jira kwana biyu a ga ko manhajar lissafi da firinta suna aiki, sannan a saki ga sauran, saba kuma ta zo a ƙarshe bayan an ɗauki kwafin ajiya. Dole kuma ta iya cire gyaran da ya kawo matsala, ta iya tsayar da wanda ke kan hanya, ta kuma bari a zaɓi lokacin sake kunnawa, misali bayan an tashi aiki ko lokacin sallar Juma'a da ofis ke zama fayau.

Ba kowace ɓaraka ke da gaggawa iri ɗaya ba. Tun 1999 ake ba wa ɓarakar da aka gano lamba a tsarin da ake kira CVE, ana kuma auna muninta a ma'aunin CVSS daga 0 zuwa 10. Hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta fara wallafa jerin waɗanda aka tabbatar ɓarayi na amfani da su tun Nuwamban 2021. Manhajar da ke nuna wannan bayani tana taimaka wa ma'aikaci guda mai aiki goma ya san wanda ba zai kwana ba da wanda zai jira ƙarshen wata.

Sai batun inda manhajar za ta zauna. Tsohon salo shi ne a girka ta a sabar ofis, kamar WSUS na Microsoft da ke zuwa kyauta tare da Windows Server, sai dai kayan Microsoft ya fi sani, kuma a Satumban 2024 kamfanin ya sanar da cewa ya daina ƙara masa sababbin abubuwa. Sabon salo shi ne manhajar ta zauna a wurin kamfanin da ya yi ta, a sa ɗan aike ƙarami a kowace kwamfuta yana kai rahoto ta intanet duk inda take. Intune na Microsoft haka yake aiki, haka ma Action1 da Automox da NinjaOne, yayin da Patch Manager Plus na ManageEngine ke zuwa ta salon biyu. Ga ofishin da ma'aikatansa ke yawo, sabon salon ya fi dacewa. Amma a inda data ke da tsada kuma layin intanet ke jan ƙafa, akwai tambayar da bai kamata a tsallake ba: shin kowace kwamfuta za ta sauke gyaran da kanta, ko ɗaya za ta sauke ta raba wa sauran? Gyaran Windows na wata guda kan kai ɗaruruwan megabait, idan aka ninka sau ashirin kuɗin ba kaɗan ba ne. Haka nan a bincika ko tana ci gaba daga inda ta tsaya idan wuta ko layi ya yanke, maimakon ta koma farko.

Manhajar faci tana riƙe da makullin kowane ɗaki, saboda haka ita kanta abin nema ce a wurin ɓarayi. A Yulin 2021 masu kutse suka bi ta manhajar Kaseya VSA, wadda kamfanonin kula da kwamfuta ke amfani da ita, suka kulle bayanan kamfanoni har kusan 1,500, ciki har da kantunan Coop na Suwidin kimanin 800 da suka rufe ƙofa. Kafin nan, a 2020, an cusa guba cikin sabuntawar manhajar SolarWinds Orion, abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke. Ya wajaba a duba ko shiga manhajar yana buƙatar shaida ta biyu bayan kalmar sirri, ko ana iya iyakance abin da kowane ma'aikaci zai taɓa, ko tana rubuta wanda ya yi me da lokacin da ya yi, da kuma yadda kamfanin ya saba sanar da nasa kurakuran.

Farashi galibi a kan kowace kwamfuta ne, a wata ko a shekara, kuma da dala, abin da ke nufin lissafin zai motsa duk lokacin da naira ta motsa. Wasu kamfanonin suna ba ƙananan ma'aikatu kyauta har zuwa wani adadi, kusan duka kuma suna ba da lokacin gwaji. Ya fi kyau gwajin ya ratsa Talata ta biyu ta wata, a kuma yi shi a kan kwamfutocin da suka fi ba da wahala, domin a nan halin manhajar ke bayyana.

Akwai abin da babu manhajar da za ta iya. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Kwamfutar da ke kan irin waɗannan babu facin da za a kai mata, mafita ita ce a ɗaga ta zuwa sabon tsari, ko a canza ta, ko a raba ta da intanet. Windows ɗin da aka kwafa ba lasisi, wadda ta cika kasuwa, sau da yawa an kashe mata hanyar sabuntawa, wani lokaci ma da mugun abu a cikinta tun daga shago. Na'urar rarraba intanet da firinta da kyamarori su ma suna da nasu gyaran, kuma yawancin manhajojin faci ba sa kai wa gare su, sai an sa su a jadawali na daban, da sunan wanda zai riƙa duba su.