Kurket a Alƙahira: Wasan da Ya Mutu a Bayan Katanga

Idan ka tare matashin Bamisire a titi ka ce masa ƙasarsa ta taɓa yin tawagar wasan kurket, dariya zai yi maka, don shi abin da ya sani Ahli da Zamalek da Muhammad Salah. Mu ma da aka haifa a nan, waɗanda iyayenmu suka zo karatu Azhar suka zauna, haka muka taso. Ni dai a hannun ɗaliban Pakistan da Bangaladash na fara ganin wasan, a wani fili a Madinatu Nasr, sun naɗe ƙwallon tanis da salatif suna ta ihu da yarensu.

Alhali kuwa wasan ya daɗe a garin nan. A 1882, shekarar da Ingila ta mamaye Masar, aka kafa kulob ɗin Jazira a tsibirin Zamalek domin hafsoshin sojanta, kuma a can ake buga kurket. Daga 1929 zuwa 1939, duk shekara wani attajiri Bature mai suna Hubert Martineau yakan kwaso 'yan wasa daga Ingila su zo su kara da tawagar Masar a Alƙahira da Iskandariyya. Sai dai "tawagar Masar" ɗin nan suna ne kawai, kusan dukkansu Turawa ne, sojoji da ma'aikata. Ɗan ƙasa yana bayan katanga. Da aka yi juyin mulkin 1952, sojojin Ingila kuma suka kammala ficewa a 1956, sai wasan ya bi masu shi. Ƙwallon ƙafa ma ai su suka kawo ta, amma ita ta fito titi, ga ta nan har gobe.

A ganina tsawon wasan ma ya taimaka wajen kashe shi. Babban wasa tsakanin ƙasashe, wanda ake kira Tes, kwana biyar ake yi. Wane talaka ne zai bar neman abinci kwana biyar yana tsaye a rana? A 1971 aka fara na yini guda, wanda yanzu kowace tawaga ke samun zagaye 50, zagaye ɗaya kuwa jifa shida ne. A 2003 Ingila ta fito da T20 mai zagaye 20, awa uku an tashi.

To amma kada mai karatu ya ɗauka gajarta sauƙi ce. Tsakanin mai jifa da mai bugu yadi 22 ne, wajen mita 20, kuma duk makin da ba a buga ƙwallo ta fita fili ba, da ƙafa ake gudo shi, ga hular kwano ga kariyar ƙwauri a jiki. Mai tara maki ɗari ta wannan hanya ya yi gudun kusan kilomita biyu, a guje a tsaya, a guje a tsaya. A Tes juriya ake nema, a T20 kuwa zafin nama. In ana zancen kula da jiki, akwai wani haifaffen Masar da nake son ambata, John Traicos, ɗan asalin Girka da aka haifa a Zaƙaziƙ a 1947. Ya buga wa Afirka ta Kudu Tes a 1970, bai sake bugawa ba sai 1992 da ya fito wa Zimbabwe yana da shekara 45. Shekara 22 tsakani, wallahi!

Mu a gida fa? Kurket na cikin wasannin Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu, amma a Arewa ma bai fita harabar makaranta sosai ba. Najeriya dai ba ta yar da shi kamar Masar ba. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, sai dai a nan ciwon ya fito fili: wasa mai zagaye 50 ne, kuma a karawarsu da Ostireliya da Ingila da tawagar tsibiran Karibiyan babu inda suka kai maki 65 kafin a fitar da su duka. Jifa ana iya koyonsa a kowane fili, amma bugu sai da fili mai kyau da mai jifa mai sauri da za ka saba da shi tun kana yaro, sannan da jikin da zai tsaya awa uku hankali bai gushe ba.

Abin mamaki, maki 65 ɗin ne ya ishi 'yan matanmu a Maleshiya a watan Janairun 2025. Ruwan sama ya sa aka rage wasan T20 ɗin zuwa zagaye 13, suka tara 65, suka tsare Niyu Zilan a 63. Kafin nan ma manyansu sun ci tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Akara a 2024. Shi kuma T20 ɗin nan shi za a buga a gasar Olamfik ta Los Anjalis a 2028. Masar dai ko mamba ba ce a hukumar kurket ta duniya.