Yadda Saƙo Ke Tafiya a Cikin Jijiyoyin Jiki

Ƙwayar jijiyar saƙo, wadda likitoci ke kira niyuron, ita ce tubalin da aka gina ƙwaƙwalwa da laka da shi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kaɗai tana ɗauke da kimanin biliyan 86. A da an ɗauka jijiyoyin nan a saƙe suke kamar koma, har sai da masanin Sifaniya Santiago Ramón y Cajal ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1906.

Ƙwayar ta kasu kashi uku. Akwai gangar jiki, inda cibiyarta take. Akwai ƙananan rassa masu karɓar saƙo. Sannan akwai dogon zare guda mai fitar da shi. Wani zaren bai kai milimita ba, wani kuwa daga ƙugu yake tasowa har babban yatsan ƙafa, tsawon kusan mita ɗaya.

A cikin zaren, saƙo lantarki ne. Idan ƙwayar na hutawa, sinadarin sodiyam ya fi yawa a waje, fotasiyam kuma a ciki. Da zarar an taɓa ta, sai wasu 'yan ƙofofi su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, fotasiyam ya fita, wannan canji ya bi zaren har ƙarshe. Zare da yawa na naɗe da rigar kitse mai gaɓa-gaɓa kamar rake, saƙo kuma yana tsalle daga gaɓa zuwa gaɓa, har gudunsa ya kai mita 120 a daƙiƙa. A zaren da ba shi da riga, da ƙyar yake wuce mita 2. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan ji zafi mai kaifi nan take, sai daga baya zugi ya biyo.

A ƙarshen zaren akwai ɗan rata da ido ba ya gani. Nan ƙwayar ke fesa wani sinadari ya haye zuwa ta gaba, ya tayar da sabon lantarki. Dafin gamsheƙa wannan mahaɗa yake toshewa tsakanin jijiya da tsoka, har numfashi ya gagara.

Wani saƙon ba ya jiran ƙwaƙwalwa. Hannun da ya taɓa tukunya mai zafi laka ce ke janye shi kafin mutum ya ankara. Ƙwayoyin da ke ba tsoka umarni daga laka su ne cutar shan inna ke kashewa, kuma waɗanda suka mutu ba sa dawowa.